Billen Labaran

"Ya fito?" Baba Ya'u ya tambaya daga kan katifa.

"Saura kaɗan, Baba. Ku ƙara haƙuri."

Kamilu yana durƙushe a bayan talabijin ɗin da ya kinkimo daga ɗakinsa, kansa a matse da bango, yana laluben ramin da zai cusa igiya. Ramukan a jere suke, kamarsu ɗaya, ɗakin kuma ba wadataccen haske. Ya cusa a na farko, gilashin ya yi shuɗi ya tsaya haka nan. Ya zare ya mayar na biyu, ya miƙo hannu ya danna rimot. Ɗaya bakin igiyar yana jikin wani ɗan mahaɗi da ya aro a kasuwar waya, mahaɗin kuma yana jikin tabulet ɗin shagonsa, wanda matarsa Badi'a ta riƙe da hannu biyu kamar kwanon miya mai zafi. Mahaɗin ya saki, ko numfashi ta ja da ƙarfi sai hoto ya ɗauke.

"Kar ki motsa."

"Ban motsa ba. Kai dai yi sauri kafin su ɗauke wutar."

Gilashin ya yi ƙyaf, sai ga fuska ta cika shi. Saurayi ne baƙi mai dogon hanci, bayansa fari tas, fatarsa sumul, ko ƙurji babu. Kamilu ya fito daga lungun yana kakkaɓe gwiwa, ya dubi aikinsa, ya ji daɗi har ransa. Wanda ya ga yadda hoton nan yake a da a jikin tsohon katin da aka ciro shi, in ya ga wannan, sai ya sara masa.

Ya jawo kujerar da talabijin ke kai har ta taɓa katifar, ya tallafo tsohon ya jingina shi da filo. Ƙafafun Baba Ya'u sun kumbura har sun yi ƙyalli, idanunsa kuwa farar yana ta lulluɓe su, sai ɗan abin da ba a rasa ba a na dama. Ya karkatar da kai, ya kawo idon daman kusa, har hancinsa ya kusa taɓa gilashin. Ya fara daga goshi, ya gangaro a hankali. A waje jiniyar wani kamfani ta busa, masu aikin rana suka fara fitowa, ana jin ƙarar baburansu a kan titin Panshekara. Tsohon bai ɗago ba sai da jiniyar ta yi shiru.

"Wannan ɗan wa ne?"

Kamilu ya yi 'yar dariya. "Labaran ne mana, Baba. Ɗanku."

"A'a."

"Hoton jikin katin ne, wankewa kawai na yi. Ku sake dubawa."

Ya sake dubawa, don Baba Ya'u ba mutum ne mai gardama ba. Sannan ya koma ya jingina, ya juya fuska wajen bango.

"Ina billenai?" ya ce. "Labaran shina da bille. Shina da 'yan baka irin nawa. Wanga yaro ko aska ba ta taɓa shi ba."

Badi'a ta dubi mijinta. Tana juyawa mahaɗin ya goce, gilashin ya koma shuɗi.

Baba Ya'u mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Tasawa. Ya shigo Kano da ƙuruciyarsa, ya kama aiki a kamfanin fata a Challawa, sashen da ake jiƙa fatu a cire gashi, bai bar wurin ba sai da ƙarfinsa ya ƙare. Hausarsa ta daɗe da zama ta Kano, amma tun da ciwon ƙoda ya kwantar da shi harshensa ya fara komawa gida. Matarsa ta rasu da daɗewa. Ɗa guda ya rage masa, Labaran, kuma shi da kansa ya je ƙauye ya ɗauko shi, ya kai shi gaban manaja ya roƙa masa aiki. Wata rana aka tura yaron cikin ramin da ruwan jima ke taruwa ya buɗe inda ya toshe, iskar ramin ta kwantar da shi a ciki. A lokacin Baba Ya'u yana ƙauye wurin gaisuwar wata rasuwa. Kafin saƙo ya same shi ya iso, an yi wa Labaran sutura an binne. Abin da aka miƙa masa takalmin roba ne da katin shiga kamfani. Wayar yaron a ramin ta zauna.

Kamilu bai san Labaran ba, bayan rasuwar ya kama ɗaki a gidan hayar. Wanda ya sani shi ne tsohon, mai share tsakar gida kafin kowa ya tashi, mai ajiye wa 'ya'yan maƙwabta alawa a aljihu. Da ciwo ya yi tsanani, Badi'a ce ke kai masa kunu, Kamilu ke kama shi zuwa banɗaki. Ba wanda ya sa su. Ɗakinsu ne ke jikin nasa, kuma ana jin tarinsa ta bango.

Ranar da asibiti suka ce a mayar da shi gida a ci gaba da addu'a, ya zaro katin daga cikin hularsa. Ya ce idonsa ya daina kama hoton, ya yi masa ƙanƙanta, kuma ya ji an ce Kamilu yana iya mayar da ƙaramin abu babba. Bai ga fuskar yaron ba ranar da aka tafi da shi. Yana so ya gan ta sau ɗaya kafin idon ya ƙarasa rufewa, iyakar abin da ya roƙa ke nan.

Kamilu kuwa wannan ai sana'arsa ce. Yana da 'yar kwantena a Sharada, kusa da inda masu neman aiki ke yin layi a bakin kamfanoni. A kawo masa takardar makaranta da mai ya ɓata, ko wadda ta sha ninki a aljihu har ta kusa rabewa, ya ɗora ta a na'urar sikanin, ya miƙar da ita, ya goge tabo, ya faranta bayanta, ta fito kamar yau aka buga. Hoton fasfo ma haka. Ba wanda ya taɓa ce masa a bar masa ƙurji ko tabon faɗuwa a babur, kowa so yake manaja ya gan shi fes. Shekara da shekaru yana wannan, har hannunsa ya riga tunaninsa. A wurin Kamilu duk layin da ya gani a kan fuska datti ne.

Katin kuwa ya sha wuya. Ledar da aka manne shi da ita ta dushe, gumi da ruwan jima sun shiga ta gefe, ga ƙarce ta ko'ina kamar kaza ta yi tono a kai. Ya yi sikanin ɗinsa a haka, ba abin da ya fito sai hazo. Sai ya ɗumama ledar ya ɗaga ta a hankali, ya yi maza ya ɗora katin a na'ura. Wannan karon hoton ya fito. Da ya zo mayar da ledar, ashe fatar hoton ta yi laushi da zafi, ta manne a gilashin na'urar, ta biyo yatsansa kamar ɓawon dafaffen dankali. Ya ce ba komai, ai yana da shi a tabulet. Ya zauna ya bi layukan nan ɗaya bayan ɗaya yana gogewa, na goshi da na riga da na kumatu, bai bar ko ɗaya ba. Da ya gama ya adana sabon hoton ya maye gurbin na asalin, yadda ya saba, don tabulet ɗin kullum a cike yake.

"Yanzu babu na farkon?" Badi'a ta tambaye shi da suka koma ɗakinsu.

"Babu."

"Katin fa?"

Ya zaro ya nuna mata. Suna yana nan, lamba tana nan. Inda fuska take sai farin tabo da ɗan gefen kunne.

Ta daɗe tana kallo. "Kai da kake kama shi kullum, ba ka taɓa ganin tsagar da ke gefen bakinsa ba?"

"Gemu ya rufe."

"Bai rufe duka ba."

Gaskiyarta ce. Ya sha gani. Kawai bai taɓa kawowa a ransa cewa sa'ansa, wanda ya yi hoton fasfo ya riƙe waya, zai kasance da tsaga ba. A unguwar da ya tashi an daina tun kafin a haife shi, a wurinsa abin tsofaffi ne. Baƙin ciki ya cika shi, irin wanda ba ka da wanda za ka ɗora wa laifi. Tuwon da ta ajiye masa har ya huce bai buɗe ba.

Washegari bai buɗe shago ba. Ya hau a-daidaita-sahu ya shiga cikin Challawa, ya bi kwatancen da ya sha ji a bakin tsohon, gefen wata kwata mai jan ruwa da wari mai kama maƙogwaro. Ya sami kamfanin, sai dai ba fata ko ɗaya. An sayar da wurin, an mayar da shi ɗakin ajiyar kaya, tireloli sun yi layi ana sauke buhuna. Wani dattijo mai gadi yana zaune a kan benci yana yankan farce da reza. Kamilu ya gaishe shi ya faɗi abin da ya kawo shi, ko akwai sauran takardun ma'aikatan da, ko da hoto ɗaya.

"Takardu?" mai gadin ya ce. "Ai ranar da sababbin masu wurin suka zo, masu ƙosai aka kira suka kwashe. Wa kake nema?"

"Labaran Ya'u."

Mutumin ya ajiye rezar. Sunansa Lawan, ya ce, tare suka yi aiki da Labaran, yana cikin waɗanda suka jawo shi daga ramin da igiya ranar. Ya tambayi jikin tsohon, ya girgiza kai. Kamilu ya kunna tabulet ya nuna masa fuskar.

"Hancin nasa ne," Lawan ya ce. "Amma wannan kamar ɗan wani Alhaji. Labaran ai bille gare shi, har Mai Bille muke ce masa."

"Wane ɓangare?"

Lawan ya ɗaga yatsa ya taɓa kuncinsa na dama, ya tsaya, ya mayar na hagu. Ya rufe ido. "Wallahi ina ganinsa yanzu haka yana cin rogo a gindin katangar can. Amma in na ce maka ga ɓangaren, na yi ƙarya. Ka tambayi ubansa mana."

Abin da Kamilu ke gudu ke nan. Amma ba sauran wanda za a tambaya.

Ya tarar da Baba Ya'u a kwance, Badi'a ta gama shafa masa man zafi a ƙafafu da hannuwa, ɗakin duk ƙamshinsa. Kunun safe yana nan a kofi, ya yi fata a sama. Kamilu ya durƙusa a gefen katifa ya faɗi komai, yadda ledar ta ɗago, yadda fuskar katin ta tafi, yadda ya goge tsagar da hannunsa yana zaton ƙarce ce. Ya so tsohon ya yi masa faɗa, ko ya zage shi ma, da ya fi masa sauƙi.

"Katin ma ya tafi," Baba Ya'u ya ce. Ba tambaya ba ce.

"Ya tafi, Baba. Ku yafe mini."

"Alheri ka nufa."

"Zan iya mayarwa. In kun nuna mini inda take, zan zana ta ta zauna daidai. 'Yan bakan kuma zan ɗauki naku a hoto in ɗora masa, tunda iri ɗaya ne."

Tsohon ya juyo da fuska wajensa. Can ya ce, "Matso."

Ya matsa. Hannu mai nauyi da sanyi ya lalubo fuskarsa, ya bi goshi, ya sami karan hanci. Yatsan ya tsaya a gefen hancin ta hagu, sannan ya gangara a karkace zuwa tsakiyar kunci, ya ɗan lanƙwasa a ƙarshe.

"Nan. Bai miƙe ba, don ya motsa. Ni na riƙe kainai, wanzami na sa aska ya fizge." Ya numfasa. "Ukku muka binne kafin shi, duk ba su kai yaye ba. Tsohuwata ta ce a sa ma wanga alama, ko ya ji kunya ya zauna. Ya ko zauna. Ya zauna har na zo da kaina na ɗauko shi."

Badi'a ta tashi ta fita da kofin kunun. Kamilu ya ɗaga gashin gemun a hankali, ya ɗauki hoton gajerun layukan da ke gefen bakin, tsohon ya bar shi ya juya fuskarsa yadda yake so kamar ba tasa ba.

A shago ya rufe ƙofa ya zauna. Masu fotokwafi suka yi ta ƙwanƙwasawa suna tafiya. Ya yanko 'yan bakan tsohon, ya rage musu girma, ya daidaita launi, ya ɗora a gefen bakin saurayin. Wannan bai ba shi wuya ba. Billen ne ya hana shi sakat. Ya zana, ya fito kamar an ja biro. Ya goge ya sake, ya fito kamar sabon rauni. Tabon da ya girma tare da mutum yana da yadda yake kwanciya a fata, Kamilu kuma duk rayuwarsa cire tabo ya koya, bai taɓa sa shi ba. Yakan ɗaga hannu ya taɓa kuncinsa, inda man zafin yatsan tsohon ya bar masa ɗan raɗaɗi, ya auna, ya koma. Wannan karon kowane mataki sai ya ajiye shi daban, har tabulet ɗin ya fara ƙorafin ya cika. Ya goge takardun mutane ya ba shi wuri.

Da ya gama ya dawo gida, babu wuta. Washegari ma babu. Ya kai tabulet ɗin gaban idon tsohon, ya buɗa hoton iyakar buɗawa, Baba Ya'u ya ce haske kawai yake gani, a bari sai babban. Jikin kuwa yana ta yin ƙasa. Ya daina karɓar kunu, sai ruwa a cokali. Maƙwabta suka fara shigowa suna tsayawa a bakin ƙofa, su yi sannu su fita, a tsakar gida su rage murya. Mai shagon kan layi yana da janareta, amma ya ce ta lalace. Kamilu ya san ba ta lalace ba, bai ja maganar ba.

Ranar Laraba da hantsi fankar ɗakinsu ta motsa. Badi'a ta bar wanki a baho ta shigo da kumfa a hannu, shi kuwa har ya riga ya rungumi talabijin. Wannan karon bai yi lalube ba, ya san ramin. Ya naɗe mahaɗin da salatif ya ɗaure shi da jikin tabulet, ya danna rimot, fuskar ta fito. Ga 'yan baka, ga bille a karkace da 'yar lanƙwasarsa. Badi'a ta dubi gilashin ta dubi tsohon, ta ce a hankali, "Yanzu kam ya yi kama da su."

Suka tayar da shi su biyu. Ya yi nauyi, kansa yana rinjaya. Kamilu ya zauna a bayansa ya jingina shi da ƙirjinsa, ya jawo kujerar da ƙafa.

"Baba, ga Labaran."

"An kunna?"

"An kunna. Yana gabanku."

Ya karkatar da kai yadda ya yi rannan, ya kawo idon dama. Ya juya ya gwada na hagu. Ya buɗe su iyakar buɗewa, hasken gilashin yana kwance a kan yanar.

"Fari ni ke gani," ya ce. "Kamar an shanya zane."

Kamilu ya ƙara haske, ya rage, ya buɗa hoton har kuncin kaɗai ya cika gilashin, billen ya yi tsawon hannu. Ya ce wa Badi'a ta saki labule, ta saki. Ya ce ta ɗaga, ta ɗaga. Duk tsohon yana cewa a'a da kai.

"Kai mini hannuna."

Kamilu ya mayar da hoton daidai, ya kama hannun, mai santsin man zafi, ya ɗora yatsan a gefen hancin. Tare suka gangara, a karkace, har lanƙwasar. Baba Ya'u ya koma sama da kansa ya sake bi, yana dannawa, har talabijin ɗin ya yi baya kaɗan, Badi'a ta tare shi da gwiwa.

"Ba komi nan," ya ce. "Sumul."

"Gilashi ne, Baba. Amma wallahi yana nan, daidai inda kuka nuna."

"Na yarda." Hannun ya sauka a kan cinyarsa. Ya daɗe yana neman numfashi, Kamilu yana jin kowane ja a ƙirjinsa. "Kamilu, in gaya maka wani abu, kada ka sa a rai."

"Ina ji, Baba."

"Da, in na rufe ido ina samun shi. Ba duka ba, amma ina samu. Tun ranar da ka nuna mini wancan yaro, in na rufe ido shi ka zowa. Mai sumul ɗin. In kore shi, ya dawo. Na nemi Labaran, na nema, ban san inda ya shiga ba."

Kamilu ya ƙara tallafe shi. An ce kada ya sa a rai, to ina zai sa? Ya ji da ma bai taɓa karɓar katin nan ba, da ma ya ce ba ya iyawa, tsohon ya mutu da ɗan guntun abin da yake da shi. Badi'a ta juya baya tana goge ido da gefen hijabi.

"Ku tuna ranar da aka yi masa askar," Kamilu ya ce da ƙyar. "Ko ranar da kuka ɗauko shi. Wataƙila ya dawo."

"Ina tuna ranar. Ina tuna rigar da ya sa. Fuskar ce babu." Ya ɗan motsa kafaɗa. "Kwantar da ni. Ka kashe abin nan, kada wutarku ta ƙare a banza."

Bai sake magana mai tsawo ba. Da la'asar ya nemi a juya shi gabas. Limamin masallacin layin ya shigo ya zauna a kansa yana tuna masa kalmar shahada, leɓensa yana bi. Wani lokaci yatsansa na dama yakan motsa a kan zanen gado, ya ja ɗan gajeren layi ya tsaya. Washegari da safe, daidai lokacin da ma'aikata ke tururuwa zuwa Challawa, Badi'a ta shiga da ruwan ɗumi ta fito ba ta yi amfani da shi ba. Ta tsaya a ƙofar ɗakinsu ta ce wa mijinta, "Baban Shifa'u, taso. Baba ya cika."

Ba a sha wahalar jama'a ba, ba a kuma samu da yawa ba. Mutanen gidan, 'yan masallaci, da Lawan mai gadi, wanda ya bar bakin ƙofarsa a hannun wani ya zo da kakinsa. Kamilu yana cikin masu wanka. Da aka zo fuska ya zuba ruwa a hankali, gemun ya kwanta, 'yan bakan suka fito sarai, uku a kowane gefe, waɗanda ya yi shekaru yana kallo bai gani ba. Aka kai shi kafin azahar. An aika saƙo Tasawa ta bakin wani direba, ba a san ko akwai wanda zai karɓa ba.

Mai gidan ya ce a kwashe kayan ɗakin, akwai mai so. Kayan ba su da yawa: katifa, buta, akwatin ƙarfe, da takalmin roba da aka naɗe a leda. Kamilu ya zare igiyar, ya warware salatif ɗin, ya naɗe mahaɗin don ya mayar wa mai shi. Tabulet ɗin ya sa a jaka bai kunna ba. Sannan ya rungumi talabijin ya mayar ɗakinsu, ya ɗora a kan teburinsa, ya zauna a bakin gado.

Badi'a ta shigo da tsumma za ta goge ƙurar da ya kwaso. Ta ɗaga labule don ta gani, hasken tsakar gida ya faɗo a kan baƙin gilashin. A tsakiyarsa akwai sawun yatsa na man zafi, layi ɗaya a karkace, an bi shi an sake bi, da 'yar lanƙwasa a ƙarshe, babu fuska a ƙarƙashinsa. Ta goge saman talabijin ɗin, ta goge gefe da gefe, ta tsaya da tsumman a hannu. A waje wata tirela ta wuce, gilashin ya ɗan girgiza ya tsaya.